Ranar da Muka Dama wa Tarakta Taki

Bari in fara da laifina, kafin wani ya riga ni faɗa ya ƙara gishiri. Ni ne na ce wa Mudi ruwan nan taki ne. Sunana Shitu, bakanike ne ni a Malumfashi, garejina na nan bakin hanyar da ta nufi Kafur. Shekara talatin ina kwance injin tarakta ina ɗaurawa, ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki ya ce na cuce shi. Sai da furfura ta cika mini kai na tafka wadda har yau mutanen Gozaki ke yi mini dariya a kanta.

Mudi taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, don haka tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ban tsokane shi ba. Direban tarakta ne a Gozaki. Shekara ashirin da shida yana tuƙa wani ƙaton inji mai silinda shida na marigayi Alhaji Abdulmutallib, injin da kowa ke kira Bajimi. In Mudi ya tada Bajimi da safe, kajin unguwar sai sun watse, kwanonin da ke kife a tsakar gida su ɗauki rawa. Hayaƙi kuwa ba a magana. Mutanenmu na da wata ɗabi'a: manomi zai tsaya a bakin gonarsa ana yi masa haro, ba ƙasa yake kallo ba, salansa yake kallo. In baƙin hayaƙi ya turnuƙe sai ya gyaɗa kai ya ce ƙarfe ya shiga ƙasa. In hayaƙin ya yi kaɗan ya ce direba na yi masa ha'inci. Bajimi bai taɓa ba Mudi kunya ta wannan fannin ba.

Da Alhaji ya rasu, gonaki da kayan aiki suka koma hannun ɗansa Almustapha. Mutumin kirki ne, sai dai ya yi boko mai zurfi, kuma komai sai ya duba a waya. Ana saura 'yan makonni damina ta faɗi, sai ga tirela ta sauke wata tarakta a ƙofar gidansu. Ta hannu ce, daga Turai ta biyo ta Legas, amma tsaf da ita, fenti bai ko ƙoƙe ba. Ba ta da ɗakin gilashi, rumfa ce kawai a saman direba. Aka aiko mini in zo in duba. Na ɗaga murfin na leƙa, na ƙirga silinda huɗu, na sake ƙirgawa ko na yi kuskure.

Na ce, "Alhaji, ina sauran injin?"

Almustapha ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan, Malam Shitu. Kuma in ka bi takarda, ƙarfinta ya kai na Bajimi."

Ya yi mana bayani muna tsaye, ni da Mudi da waɗanda suka taru kallo. Wai can ƙasashen an kafa doka a kan hayaƙi, ba a yarda inji ya riƙa fesa baƙin nan da muke alfahari da shi ba, ko da a gona yake aiki ba a titi ba. Shi ya sa masu ƙerawa suka rage girman injuna da yawa, suka ƙara musu dabara, suka maƙala wani akwati a jikin salansa mai wanke hayaƙin kafin ya fita. Wani dattijo ya tambaya ko ke nan an daina yin manya. Almustapha ya ce ana yi, amma su ma da akwatin suke zuwa, irin Bajimi dai an rufe babinsa. Ni na ce dokar ba ta san hanyar Gozaki ba, ina ruwanmu. Ya ce dokar ba ta zo ba, amma ga injinta ya zo, kuma nan gaba duk wanda za mu saya haka zai zo.

Sai ya juya wajen Mudi. Muryarsa ta yi laushi, amma maganar ba ta yi ba.

"Baba Mudi, Bajimi ya gama. Gas yake sha kamar rijiya, kayan gyaransa sai an kai Kano ana cigiya. Na yi magana da 'yan gwangwan, bayan shuka za su zo su ɗauka. Wannan kuma na ba ka ita mako biyu na farkon damina. In ta karɓe ka, kujerar taka ce. In ba ta karɓe ka ba, akwai wani direba a Funtuwa da ya san irinta."

Mudi ya ce, "To, Alhaji." Iyakar abin da ya ce ke nan. Mutum ɗan shekara hamsin da tara, bai iya kasuwanci ba, rabonsa da fartanya tun yana saurayi. In aka sauke shi daga sitiyari, sai dai ya zauna a gindin bishiya yana kallon wani yana wucewa da aikinsa. Tausayinsa ya kama ni sosai, don haka na ce masa ya saki ransa, ko jaki aka ɗora a kujerar nan zai iya, balle shi da ya ɗan fi jaki.

Matsalar ita ce Mudi da kunne yake tuƙi. Bajimi in yana son giya ya faɗa, in yana jin zafi ya faɗa, in ƙasa ta yi tauri ya yi gurnani. Sabuwar ba ta cewa komai. Wani ɗan allon gilashi ne a gaban sitiyari, shi ke nuna zane-zane da Turanci, Mudi kuwa ko sunansa da ajami yake rubutawa. Ga kuma tanki biyu: na gas, da wani ƙarami mai shuɗin murfi. Almustapha ya ce na shuɗin murfin wani ruwa ne na musamman da akwatin hayaƙin ke sha, ya zazzage ragowar jarka ɗaya da ta zo da taraktar a ciki, ya ce zai tafi Kaduna ran Litinin, ran Asabar zai dawo da wasu jarkokin.

Ruwan sama bai jira Asabar ba. Ran Talata da la'asar aka sheƙa shi kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta jiƙu har ƙasa. Wanda ya san noman masara a yankinmu ya san kwanakin nan ba a wasa da su. Kafin gari ya gama wayewa ran Laraba manoma sun yi layi a ƙofar gidan Mudi, kowa na cewa gonarsa ce ta farko. Ya hau sabuwar ya shiga aiki. Mutane suka tsaya suna kallon salansa, ba su ga komai ba sai iska na rawa. Wani ya bi bayan haro yana zura sanda a ƙasa don ya kama Mudi da ha'inci, sandar ta nutse fiye da yadda ta saba, ya koma gefe yana ƙunƙuni cewa duk da haka shi bai yarda ba.

Ran Alhamis da hantsi sai ga Mudi a garejina a kan babur, da jarkar nan da babu komai a ciki ɗaure a baya.

Ya ce, "Wata fitila ta kama, ruwan ɗorawa. Na leƙa ƙaramin tankin, ya kusa ƙafewa."

Na ce, "To kira Alhaji mana."

"In kira shi in ce me? Kwana biyu kacal, har na fara kuka? Kafin in kashe wayar ya kira na Funtuwa."

Nan fa shaiɗan ya raɗa mini cewa na yi aji uku a sakandare. Na karɓi jarkar, na goge ta da gefen riga, na bi rubutun da yatsa. Yawanci ban gane ba, amma kalma ɗaya ta fito mini ɓaro-ɓaro, kalmar da ke jikin kowane buhun taki a ƙasar nan. Yuriya. Kusa da ita kuma an rubuta ruwa. Na sake karantawa, na fashe da dariya har na zauna a kan tsohuwar taya.

Na ce, "Mudi, an raina mana hankali. Ka san abin da ake tafiya Kaduna a sayo? Takin yuriya ne aka jiƙa. Mu da ke kwana a kan buhunansa."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "In ba haka ba ne ka canza mini suna."

Na rufe gareji na hau bayansa. A gidansa akwai buhun yuriya da ya tanada don gonar masararsa. Muka ɗauko babbar robar da matarsa Uwa ke jiƙa gero, muka jawo ruwa a rijiya, na auna mudu guda na zuba, Mudi ya kama muciya yana damawa. Uwa ta fito daga madafa ta tsaya ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Malam, wa za a yi wa kunun?"

Mudi ya ce, "Tarakta."

Ta dube ni ta ce, "Na san da Shitu a ciki. Duk ranar da na gan ku ku biyu kun yi shiru kuna aiki, gabana faɗuwa yake."

Na ce mata ta kawo mana ƙyallen tatar koko, aikin ilimi ake yi. Ta kawo, ta ce kada ya dawo mata ɗaki. Abin da ya ƙara mana ƙarfin gwiwa shi ne da takin ya narke, ruwan ya ɗauki sanyi kamar na sabuwar randa. Mudi ya tsoma hannu ya ce lallai wannan magani ne, tun daga roba ya fara aiki. Muka tace sau biyu, muka ɗura a jarka, muka kai gona muka cika tankin. Ya murza makulli, fitilar ta mutu. Wallahi ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba. Da na koma Malumfashi sai da na tara makanikan layinmu na ba su lacca a kan yadda ake yaudarar baƙar fata da jarka mai kyau.

Taraktar ta yi aiki ranar, ta yi na Juma'a har aka tafi masallaci. Ran Asabar da safe Mudi ya shiga babbar gonar Almustapha, wadda ke bakin hanya kowa na gani, ni kuma na zo musamman don in tarbi Alhaji in gaya masa ya daina wahalar zuwa Kaduna. An yi kusan rabi sai fitilu suka kama, ba ɗaya ba, ba biyu ba, allon ya dinga ƙara kamar ɗan tsako. Taraktar ta rage gudu, ta ƙara ragewa, har ta koma tafiyar da tsohuwa mai sanda za ta wuce ta. Mudi ya taka, ya sake takawa, ko a jikinta. Na ruga na duba ƙarƙashi, na ga wani farin abu ya daskare a bakin bututu kamar kanwa.

Ana haka motar Almustapha ta tsaya a bakin gona, jarkoki huɗu a bayanta.

Bai yi faɗa nan take ba. Ya hau ya karanta allon, ya buɗe shuɗin murfin ya sunsuna, ya sauko. Ya dubi sama, hadari na haɗuwa ta gabas, ga rabin gona ba a taɓa ba, ga masu shuka an riga an yi musu magana gobe. Ya ce, "A ɗauko Bajimi."

Batirinsa ya mutu, sai da mutum tara muka tura shi. Ya yi tari, ya yi atishawa, sannan ya kama da wata ƙara da ta tashi tsuntsayen kan ɗorawa gaba ɗaya. Mudi ya ɗaura sarƙa ya jawo sabuwar zuwa gindin bishiya, ya mayar da haro bayan Bajimi, ya shiga gonar. Hayaƙi ya murtuke, mutane suka ɗauki sowa, har da masu jefa hula sama. Ni kaina, duk da abin da ke jirana, sai da tsigar jikina ta tashi. Kafin la'asar ya gama gonar tas.

Da ya kashe inji, dattawa suka yi wa Almustapha caa, kowa na cewa ya ga dai da idonsa, a mayar da 'yar gayun nan inda ta fito, a bar wa Mudi Bajiminsa. Na ga Almustapha ya fara jinjina maganar. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya rufa mana asiri, Mudi ya tsira da kujerarsa ba tare da ya koyi komai ba.

Sai Mudi ya sauko, fuskarsa baƙi ƙirin da hayaƙi, ya ce, "Alhaji, kada ka biye musu. Su ƙararsa suke ji, ni cikinsa na sani." Ya buɗe lagireto ya tsoma yatsa ya nuna, ruwan ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar kunun kanwa. "Sau uku Shitu na liƙe tsagar nan, ba sauran inda za a liƙe. Abin da ya yi yau shi ne na ƙarshensa. In ka dogara da shi, tsakiyar damina zai kwanta da gonakin mutane a wuyanka. Ita kuma waccan ba ta da laifi. Ni na jiƙa taki na zuba mata."

Bai ambaci sunana ba. Ina tsaye bayan tayar Bajimi, kuma gaskiya tayar na da faɗin da za ta ɓoye ni har a watse. Na ji haushin Mudi ƙwarai, don da ya yi shiru da duk mun huta. Amma kunya ta fi haushin yawa. Na fito na ce, "Alhaji, shi muciya kawai ya riƙe. Ni na karanta jarkar, ni na auna."

Almustapha ya dube ni, ya dubi Mudi. Ya ce, "Da wane ruwa?"

Na ce, "Na rijiya. Amma mun tace da ƙyallen koko."

Ya juya mana baya. Na ga kafaɗunsa na girgiza, na ɗauka kuka yake don takaici, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa har ya dafa mota. Da ya samu numfashi ya ce yuriyar gaskiya ne, amma tatacciya ce, da ruwan da ba shi da ko ɗigon gishiri, ba ta buhu mai ƙasa da ƙura ba. Ya ce abin da ya fi ba shi dariya, mutumin da ya sayar masa a Legas sai da ya riƙe hannunsa ya ce, in ka kai ta ƙasar manoma ka ja musu kunne kada su zuba taki. Shi kuma ya ga ai ba mai hankalin da zai yi haka, bai faɗa ba.

Sannan ya daina dariya ya ce, "Baba Mudi, me ya hana ka kira ni?"

Mudi ya sunkuyar da kai. "A kan cinyata ka fara riƙe sitiyari, Alhaji. Nauyi na ji in ce maka ban iya ba."

Almustapha ya dube shi. Ya ce, "Na Funtuwa ya iya karanta allo. Amma ban san ko zai gaya mini gaskiya a ranar da ƙarya za ta fi yi masa amfani ba. Allon ni zan koya maka."

Wani mai gyara ya zo daga Kaduna da kwamfuta, ya wanke tankin, ya canza abin da muka toshe, ya tambaya wane gwani ne ya yi wannan aikin, duk waɗanda ke wurin suka nuna ni. Almustapha ya yi kwana uku zaune a kan murfin taya kusa da Mudi, yana nuna masa zane ɗaya-ɗaya, Mudi na ba kowanne suna irin nasa, wannan buta, wannan kunkuru, wannan mai gashin baki. 'Yan gwangwan suka zo suka ɗauki Bajimi ran wata Litinin. Mudi bai fito ba, Uwa ta ce ya ce kansa ke ciwo.

Ranar farko da ya fita shi kaɗai, na bi shi don in ga ko gyaran ya zauna. Huɗa yake yi a wata gona da ke iyaka da ta Gwaggo Sakinatu, wata dattijuwa da mijinta ya daɗe da rasuwa, take noma 'yar gonarta da kanta. Tana duƙe tana shuka gyaɗa. Da taraktar ta zo daidai ita, ta ɗago ta ce, "Sannu da aiki, Mudi," ta mayar da kai ƙasa ba tare da ta jira komai ba.

Mudi ya ce, "Yauwa Gwaggo, sannunmu. Ya ƙarfin jiki?"

Ta miƙe tsaye, ƙwaryar iri a hannunta, ta bi shi da kallo. Ya ga haka ya taka birki.

Ta ce, "Yau kuma? Shekara ashirin da wani abu ina yi maka sannu a kan iyakar nan, ba ka taɓa amsawa ba. Na ce ko hawa sama ne ke sa mutum haka. Ban dai fasa ba, don uwarka ƙawata ce."

Mudi ya kashe injin ya sauko. Ya taka kunyoyin da ya gama yi ya je gabanta ya durƙusa, ya gaishe ta tun daga kwana har gajiya har jikoki, ya ce ta yafe masa, wallahi ƙarar Bajimi ba ta taɓa barin ya ji ba. Ta ce ba komai, ya tashi kada ya ɓata wandonsa.

Da ya dawo wajen taraktar idonsa ya yi ja. Ya tsaya riƙe da ƙarfen hawa, ya ce mini a hankali, "Shitu, ita kaɗai ce?"

Na so in tsokane shi, bakina ya ƙi. Na ce, "Kowa ne, Mudi. Duk wanda ka wuce."

Gonar da ya kamata ya gama kafin azahar, sai bayan la'asar ya fito daga cikinta. Hanyar kasuwar Kafur ta bi ta gefenta, ranar kuma mutane na ta wucewa, kuma ba wanda ya ɗaga masa hannu bai tsaya ya amsa ba.